Irin da Mai Kankana Ya Bari

Mai Kankana, Allah ya jiƙansa, bakinsa ba ya buɗewa sai a gona. Yana da wata 'yar wuƙa mai ƙotar da aka naɗe da zare, da ita yake bin yaɗo yana tsinke 'ya'yan kankana tun suna kamar ƙwan kaza. Biyu kacal yake bar wa kowane gindi. Maƙwabta na tsokanarsa, wai Allah yana ba shi yana zubarwa. Shi kuwa yakan ce ganye ne mai girki, 'ya'ya baƙi ne, kuma tukunya ɗaya ba ta ƙosar da baƙi goma.

Irin na mahaifiyarsa ne. Shekara talatin yana zaɓar wadda ta fi cika, ya shanya ƙwayarta ya adana a kwalba. Bana ɓera ya yi masa ɓarna, sai ya shuka duk abin da ya rage.

Ana cikin haka ciwo ya kwantar da shi a asibiti sati biyar. Ƙanensa tela ya karɓi gonar da zuciya ɗaya. Hannunsa ya kasa tsinke ɗan da ya fito lafiya, ya bar su duka. Da ya ga ganye ya lulluɓe su, ya sa almakashi ya rage shi, wai su sha rana.

Ranar da aka sallami Mai Kankana, gona ya ce a kai shi. Ya tarar da 'ya'ya birjik, kowanne bai fi dunƙulen hannu ba, sun tsaya cak.

"Yaya, ka ga yawansu?" in ji tela, yana murmushi.

Mai Kankana ya juyo wajen ƙanen nasa. "Ka sha wahala, ɗan uwana. Miƙo min wuƙata."

Ƙafa ba ta ɗaukarsa, da rarrafe ya bi kunya-kunya har bayan rijiya, inda almakashi bai kai ba. Gindi ɗaya ya samu da ganyensa. Ya tsinke shida, ya bar ɗaya. Kullum da safe sai ya tambayi matarsa ko kankanar ta ƙara nauyi.

Kwana goma sha biyu ya yi bayan nan, Allah ya karɓi abinsa. Da kankanar ta nuna, matar ce ta yanka ta, tana hawaye. Yawancin ƙwayar fari ne, shafal. Tara ne suka ƙosa suka yi baƙi.

Tela ya shanya su a kan teburin yankansa. Damina ta ƙarato, yana ta tambayar manoma ko tara za su isa, kuma har yau babu wanda ya iya ce masa e.