Mai Haɗama

Cikina na biyu ne, a shekarun farko bayan Faransawa sun bar mana ƙasa. Muna zaune a tsohon gari na Agadas, maigidana yana fataucin albasa daga Tabelot, ni da surukata muke riƙe da gida. Da cikin ya shiga wata na bakwai sai ya tashi lokaci guda. Cikin mako ɗaya ya kumbura ya yi tauri, fatar tana sheƙi, in na kwanta numfashi ya gagare ni. A zaune nake barci, jingine da bango.

Da hantsi naƙuda ta zo, maigidan yana hanya. Ruwan da ya zuba ya jiƙa tabarma har ya gangara bakin ƙofa. Ta farko ta fito ƙatuwa, jawur da ita. Ta biyu kuwa ƴar mitsitsiya, fara fat, fata duk ta yamutse. Mabiyiya ɗaya ce, cibiya biyu. Ungozoma ta ɗaga mabiyiyar a cikin ƙwarya tana juyawa: gefe guda ya cika ya yi baƙi-baƙi, ɗaya gefen kamar an wanke shi.

“Kun gani,” in ji ta. “Babba ta canye rabon ƙanwarta tun cikin ciki. Sai a rama ma ƙarama.”

A wurinmu ba a fifita ɗan tagwai kan ɗan'uwansa, abin da ka ba wannan shi za ka ba wancan. To amma an ce bashin ciki ne ake ramawa, kowa ya yarda. Aka ɗora mini ƙaramar a ƙirji, aka lulluɓe mu, ana ɗiga mata nono da yatsa. Babbar aka shimfiɗe ta a gefen gado. Matan da ke zuwa barka sukan leƙa ta su yi dariya, su ce ga mai haɗama can ta ƙoshi tana barci. Ni ma na faɗa. Gaskiya har haushinta na ji, duk lokacin da na dubi haƙarƙarin ƴar'uwarta.

Rana ta biyu na lura babbar ba ta kuka. In na ba ta nono ta ja sau biyu ta saki, goshinta ya yi zufa. Ƙirjinta yana hawa da sauka da sauri.

“Inna, numfashin yarinyar nan bai yi mini ba,” na ce wa surukata.

“Ɗiyata, ƙoshi na. Ki ji da wadda ka hannunki, ita ag ga bakin rami.”

Na koma kan ƙaramar, don ba a saba mini gardama da Inna ba. Washegari bayan wankan safe na ga leɓɓan babbar sun koma shuɗi. Mai jego ba ta taka ƙofar gida kafin suna, Inna ta tsaya a zaure tana faɗa mini haka. Na goya ɗaya, na rungumi ɗaya, na raɓa ta gefenta na wuce. Ban tsaya ba sai gidan likita.

Can na miƙa wa sajfam, ungozomar likita, ƙaramar, don duk da abin da na gani, a raina har lokacin ita ce a bakin rami. Ta dube ta ɗan kaɗan ta mayar mini, ta kwance babbar daga bayana da sauri. Raina ya ɓaci, na ce ba wannan ce marar lafiya ba.

“Madam, ita ce,” ta ce. “Mabiyiyarsu guda, ko? Jinin ƙaramar ne ya riƙa kwarara zuwa jikin wannan. Ba ita ta ja ba, zuba mata aka yi. Zuciyarta ta gaji da kaya. Tun yaushe take haka?”

Na ce kwana uku. Nan take ta kira likitan.

Kafin la'asar babbar ta cika, a hannuna. Sai a ranar na riƙe ta da kyau, na ji nauyinta, na ga tana da ɗan lotsi a haɓa irin nawa.

Ƙaramar ta rayu, yanzu har jikoki gare ta. Maigidana ya dawo da raguna biyu, aka yanka ɗaya. Sunan babbar na tagwaye yana nan, liman ya raɗa mata kafin a kai ta, amma ba wanda ya taɓa kiran ta da shi. Kwana ukun da ta yi a duniya, mai haɗama muka riƙa ce mata, har da ni uwarta.