Madubin Baba Direba

Tun tana 'yar shekara tara ake kiranta Tawada, don ba a taɓa ganin yatsunta fes ba. Mahaifinta kafinta ne, mai yin ƙofofi da tagogi, ita ce kuma autarsa. Yayyenta maza babu wanda ya damu da shagon. Ita kuwa daga makaranta can take zarcewa, ta shige ƙarƙashin tebur tana tsintar guntayen katako. Da ƙusa ta fara. Ta ƙwaƙule siffar kyanwa a jikin wani guntu, ta shafa masa tawadar biro, ta danna a bayan littafinta. Kyanwa ta fito, amma jelar da ta sassaƙa a dama ta koma hagu. Ta ruga ta kai wa mahaifinta ƙara, kamar shi ne ya juya ta. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Auta, ai duk abin da kika kifa a takarda juyewa yake yi. In kina son sa a dama, sassaƙa shi a hagu."

Da wannan ta girma, da shi ta yi karatu, shi ne kuma ya zama sana'arta. Ta auri wani malamin lissafi, mutum mai sanyin magana da son zolaya, suka haifi 'ya'ya biyu. Ɗakin ajiyar da ke bayan gidansu ta mayar wurin aiki: tebur ɗaya mai nauyi, ƙananan wuƙaƙen sassaƙa a jere cikin gwangwani, da igiyoyi daga bango zuwa bango, inda take maƙale takardu da abin shanya kaya har su bushe. Ba ta da injin bugu. Takan shafa wa katako tawada, ta ɗora takarda, ta bi bayanta da bayan cokali tana murzawa har kafaɗarta ta ƙage. Ranar Asabar da safe kuma tana koyar da manya a wani ɗaki da ke saman laburare. A can ne ta zama Malama Tawada.

Da ta kai shekara arba'in da shida sunanta ya ɗan fita. Tsuntsaye aka san ta da su. Sai dai ita ta san abin da ba ta faɗa wa kowa: shekara uku ke nan tana maimaita tsuntsu ɗaya, tana sauya masa reshe. Maigidanta ya leƙo wata rana ya dubi igiya, ya ce, "Wannan kam na san shi. Har gaisawa muke yi." Ta yi dariya, amma maganar ta zauna mata.

A wannan shekarar ne Baba Direba ya shigo ajinta. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas a cikin gari kafin ya ajiye aiki. 'Yarsa ce ta rubuta masa suna, don ya ishi kowa a gida: ya kwance rediyo, ya kwance fanka, yana shirin taɓa firji. Hannayensa manya ne, yana riƙe wuƙar sassaƙa kamar mai riƙe da sifana. In wuƙa ta zame masa sai ya ce, "Kash, birki ya shanye!" 'Yan aji na son sa. Shi ne farkon zuwa, shi ke jera kujeru.

Wata biyu ya yi a kan katako ɗaya, yana kare shi da hannu kamar ɗan makaranta a jarrabawa. Ranar da ya buga shi, da safen nan shugabar ɗakin nunin da Malama za ta baje ayyukanta ta kira ta a waya. Saura mako shida, in ji ta, kuma don Allah a kawo wani sabon abu, tsuntsayen sun isa haka. Da wannan zafin Malama ta shiga aji.

Baba Direba ya ɗago takardarsa a hankali ya miƙa mata. Dogon madubin nan ne na cikin bas, wanda ke saman kan direba. Cikinsa cike da fuskokin fasinjoji, wasu rabi, wasu ido kawai. A ƙasa kuma hannaye biyu a kan sitiyari. Babu titi, babu mota, babu komai sai wannan.

"Shekara talatin da ɗaya, Malama," ya ce, "ban taɓa ganin mutane ta gaba ba. A nan nake ganinsu."

Kallo ɗaya ta san ya fi tsuntsayenta. Maimakon ta yi shiru, sai ta ɗaga takardar sama ta ce kowa ya matso. Ta nuna musu inda tawada ta yi yawa ta cushe. Ta nuna sitiyarin da ya koma ɓangaren fasinja, don Baba ya manta komai juyewa yake yi. "Waɗannan kuma," ta ce, "mutane ne ko buhun dankali aka ɗauko?" Aji ya fashe da dariya. Baba Direba ya fi kowa dariya, har yana dukan cinya. Ya naɗe takardarsa, ya taya ta share tebur kamar kullum. Asabar ta gaba bai zo ba. Ta bayanta ma haka.

Malama ba ta neme shi ba. Ta ɗauko katako mafi girma da take da shi, ta zana dogon madubi. Ta ce wa kanta ai madubi ba na kowa ba ne, duk wanda ya taɓa shiga bas ya gan shi. Mako uku ta yi tana sassaƙa, hannunta na gudu kamar na yarinya. Ta gyara sitiyari, ta fitar da jijiyoyin hannaye, ta cika madubin da fuskoki masu kyan layi. Da ta ɗaga bugun farko ta san ba ta taɓa yin abin da ya kai shi ba. Maigidanta ya daɗe a tsaye gabansa.

"A ina kika samo wannan?"

"A cikin bas," ta ce, ta juya tana goge wuƙa.

An buɗe nunin wata Juma'a da yamma. Madubin aka rataye a tsakiyar babban bango, tsuntsaye na gefe kamar 'yan rakiya. Mutane suka taru a gabansa. Wata 'yar jarida ta tambaye ta yadda tunanin ya zo mata, Malama ta fara bayanin yadda tun tana ƙarama take zama bayan direba tana kallon madubi. Maganar na fita sumul, har ita kanta ta fara yarda. Tana cikin yi ta hango shi a bakin ƙofa, cikin kaya masu karin guga, takalmi ya sha gogewa, matarsa na biye da shi. Ta katse maganar a nan.

Ya ratso mutane har gaban hoton. Ya tsaya, ya karkata kai, ya matsa baya. Sai fuskarsa ta washe.

"Malama! Ashe gyara min ita kika yi! Ga sitiyari ya dawo mazauninsa." Ya juya ga matarsa. "Ba na gaya miki ba? Kin ce shirme nake yi. To ga shirmen nan a bango."

Matar ba ta yi dariya ba. Ta sunkuya ga 'yar takardar da ke maƙale a gefen hoton, ta karanta a hankali, ta sake karantawa.

"To ina sunanka?"

"Ke, ni wa? Malama ce ta yi aikin. Ni ai buhun dankali na ɗauko."

Ya faɗe shi ne da wasa, babu ko ɗigon gori. Da gori ne da ya fi mata sauƙi. 'Yar jaridar na tsaye da biro a hannu, shugabar ɗakin na dubanta. Malama ta juya gare su. "Ɗalibina ne," ta ce. Iya abin da ta iya faɗa ke nan. Ya yi mata addu'a, ya sha lemo, ya zagaya ya gaida tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya, suka tafi.

Washegari ba ta je aji ba, ta aika cewa ba ta da lafiya. Ta zauna a ɗakin aiki ba ta taɓa komai ba. Da maigidanta ya kawo mata shayi ta gaya masa duka, har da maganar dankalin. Ya ajiye kofin, ya ja kujera.

"Me kike so in ce miki?"

"Ka ce wani abu mana."

"Kin riga kin faɗa wa kanki. Ni dai na san gidan bai fi tafiyar rabin awa ba."

Sai da ta kwana huɗu kafin ta je. Matar ce ta buɗe ƙofa, ta amsa gaisuwa a taƙaice, ta nuna mata kujera. Baba Direba ya fito da sukurdireba a hannu, yana murna kamar an kawo masa baƙuwa daga wata ƙasa. Malama ta tambayi katakon.

"Wane? Oho. Yana nan yana aiki."

Ya kai ta kicin. Firjinsu na da gajeriyar ƙafa ɗaya, katakon ne aka cusa a ƙarƙashi don ya daina rawa. Su biyu suka karkata firjin, matar ta zaro shi. Nauyi ya tsaga shi daga sama har tsakiyar madubin, ruwa kuma ya kumbura gefe ɗaya. Malama ta riƙe shi, ta kasa ɗaga kai.

"Baba, na zo ne in ce maka abin da na yi ba daidai ba ne. Tunaninka ne na ɗauka. Kuma ranar nan a aji..."

"Haba Malama, bar wannan. Wanda ya yi shekara talatin yana shan zagin fasinja, dankali ne zai dame shi?"

"Ya dame shi," in ji matar daga bakin ƙofa. "Kwana biyu bai ci abincin kirki ba."

"Ke dai!" Ya sosa ƙeya. Ya karɓi katakon ya share shi da gefen rigarsa. Can ya ce, "Abu ɗaya ne dai, Malama, tunda kin zo. A naki ban ga matar nan ba."

"Wace mata?"

Ya ɗora babban yatsansa a kan wani dunƙule a ƙarshen madubin, ɗaya daga cikin waɗanda ta yi wa dariya. "Wannan. Shekara goma sha ɗaya tana shiga motata duk Talata, tana zuwa duba ɗanta a asibitin masu taɓin hankali. Kujerar baya take zama. Ba mu taɓa magana ba. In za ta tafi tana gyara ɗankwali, in za ta dawo tana kallon taga. Wata Talata ba ta zo ba, shi ke nan." Ya matsar da yatsan. "Wannan kuma mai gadin banki ne, kullum barci, ni nake tashinsa. Wannan 'yar makaranta ce, yanzu likita ce, ta taɓa duba min ido." Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, su goma sha huɗu. Kowane dunƙule mutum ne. "Naki sun fi kyau nesa ba kusa ba. Kawai dai ban san ko ɗaya ba."

Wata biyu yana sassaƙa su a gabanta, ba ta taɓa tambayarsa ko su wane ne ba.

Ta roƙi aron katakon. A gida ta busar da shi, ta ɗaure tsagar ta baya, ta buga shi yadda yake, da tsagar da sitiyarin da ke ɓangaren da ba nasa ba. Ta kai wa shugabar ɗakin nunin, ta ce a sauke nata a rataye wannan. Shugabar ta ce sam, mutane don madubin Malama suke zuwa. Suka yi ta ja, a ƙarshe aka rataye su gefe da gefe, aka sauya 'yar takardar, aka rubuta cewa tunanin na Baba ne, kuma nasa ne na farko. Malama ta so a ƙara cewa ba da izninsa ta ɗauka ba. Shugabar ta ce wannan bango ne, ba kotu ba.

Abin da ya biyo baya ya fi komai ƙona mata rai. Jarida ta rubuta labarin malama mai karamci da ta ɗaga ɗalibinta tsoho ta ajiye kusa da kanta. 'Yan aji suka yi mata tafi ranar da ta koma. Ta tsayar da su ta gaya musu yadda abin ya faru, tiryan-tiryan. Sai wata ta ce, "Kai, Malama akwai sauƙin kai," aka sake tafawa.

Baba Direba bai koma aji ba. Ya ce bayansa ba ya son dogon zama, kuma maƙwabci ya ba shi wani tsohon injin ɗinki ya kwance. Ita kuwa ta ci gaba da aikinta. Ba ta sake buga nata madubin ba, katakon na jingine a bayan ƙofa, fuskarsa na kallon bango.

Bayan kusan shekara, wata ranar Laraba da rana, ta shiga bas za ta sayo takarda. Motar cike take, ta tsaya tana riƙe da ƙarfe. Daga kujerar gaba ta ji wata murya na ce wa direba ya bi a hankali, kwanar nan tana da rami. Kafin ta juya baya Baba Direba ya gan ta.

"Malamata! Jama'a, ku ba ta wuri, malamata ce! Wannan da kuke gani ita ta sa hotona a bango, mutane suka yi layi suna kallo."

Wani saurayi ya miƙe ya ba ta kujera. Wata mata ta ce Allah ya saka mata da alheri. Malama ta zauna ta ƙura wa jakarta ido, tana amsa gaisuwar Baba da ƙyar. Saura tasha biyu ta isa shagon takarda ta ce a sauke ta. Ya ɗaga mata hannu ta taga, ta ɗaga masa, ta ƙarasa sauran tafiyar a ƙafa.