Iska a Cikin Kamyon Kawu

Ranar Talata ce, cikin watan Maris na 1971, ƙarfe bakwai da rabi na safe. Mu uku ne a kujerar gaban kamyo, wato babbar motar kaya: kawuna mai tuƙi, da wata dattijuwa mai kai kifin tafki Maraɗi, da ni. Lokacin ina koyarwa a lakkol ɗin Madarumfa, wato makarantar boko, kuma ƙarfe goma a Maraɗi za a gwada muryoyin masu neman aikin karanta labarai a rediyo. Wanda ya makara ba a sake kiransa.

Kamyon tsoho ne. Ranar Litinin kawu ya canja masa tiyon ruwa, da safiyar Talatar ni na cika lagireto da ruwa. Na juye bokiti biyu a tashi ɗaya, na ga ruwa ya kawo baki, na ɗaure murfi.

Ba mu yi nisa ba allurar zafi ta hau ja. Kawu ya kashe mota.

"Ruwa ya ƙare?" na tambaya.

"Ruwa na nan, Mushe," in ji dattijuwar, don haka ake kiran malamin lakkol. "Na gan ka kana zubawa kamar mai kashe gobara. Iska ka rufe a ciki, ruwa ya rasa hanya. Shekara tara nake shiga akwalar nan."

"To Inna, ko ke za ki karɓi tuƙin?" in ji kawu.

"Da ni ke tuƙi, da kifina bai taɓa wari ba."

Ba a buɗe murfi da zafi, dole muka jira injin ya huce. Ina ta duba agogo, sai ta ce in karanta mata takardar da nake gwaji da ita. Ban kai layi uku ba ta tsai da ni.

"Yadda kake zuba ruwa haka kake karatu. Wa zai ji?"

Na sake, a hankali. Sau huɗu ta sa na karanta.

Ƙarfe tara saura kwata kawu ya hau da gaban kamyon kan wani tudu, don iska sama take nema. Ya buɗe murfi, ya bar injin yana aiki. Yana matsa tiyo da hannu, ni ina tsiyaya ruwa da kwano kaɗan-kaɗan. Kumfa ta riƙa tasowa tana fashewa, ruwan ya sauka, in ƙara. Can kumfar ta daina. Allura ta tsaya a tsakiya, ba ta sake motsi ba.

Goma saura minti goma kawu ya sauke ni a wurin gwajin. Da aka kira ni, na karanta yadda na karanta mata karo na huɗu. Bayan mako uku takarda ta zo lakkol, aka ce in fara aiki farkon wata.