Zaren Malam Gide

Da hantsi, kafin ya taɓa sifana, Malam Gide yakan share wani fili shimfiɗaɗɗe a bakin garejinsa da ke Ƙanƙara. Nan yake tsayar da mota, ya ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, ya durƙusa ya auna ko ƙafafun suna kallon hanya ɗaya. Shekara talatin ke nan yana haka. Bana ido ya yi rauni, ya ajiye aikin.

Direbobin Sabuwa da Faskari sun shaide shi. Rabo mai ɗaukar hatsi ya ce sau biyu Malam Gide yana hana shi sayen taya, yana ce masa saiti kawai motar take so. Ni kuwa shaidata mai nauyi ce, don na zalunce shi.

Mu mutanen Ruwan Godiya muna da a-kori-kura ta gari, wadda ke kai marasa lafiya asibiti, kuma ni aka ɗora wa kula da ita. Shekara huɗu da suka wuce muka sayi sababbin tayoyin gaba a wurinsa. Da damina ta matso, muka kai ta wurin mai walda ya ƙara mata tsayi, don cikinta ya daina dukan ƙasa. Malam Gide ya aiko direbanmu Barau da saƙo: in an ɗaga mota, saitin ƙafafunta ya tashi, a kawo ya sake aunawa. Na yi dariya. Na ce wa Barau mu manoma mun saba ɗaga rumbu a kan duwatsu, in ya tsaya daidai a ido shi ke nan.

Cikin sati shida tayoyin suka cinye ta gefe ɗaya. Ranar kasuwar 'Yankara na tsaya a tasha, gaban direbobi, na ce Gide jabun taya yake sayarwa. Maganar dattijo ce, aka ɗauka. Garejinsa ya yi shiru har kaka.

Sai ga shi da kansa a ƙofar gidana, da zarensa a aljihu, don ya ji motar ta kusa kai Barau rami da majinyaci a ciki.

"Baba, kawo hannunka," in ji shi. Ya shafa tafina a kan tayar. Ta nan santsi, ta can kaifi kamar haƙoran zarto. Ya ja zaren, sai ga tazarar yatsa biyu. "Ka gani? Jan ƙafa take, ba tafiya ba."

Barau ya ce, "Ashe dai mota ba rumbu ba ce, Alhaji."

"Kai, riƙe mani sitiyari, bar surutu," in ji Malam Gide.

Ya daidaita ta, ya sha ruwa, ya tafi. Bai ambaci kasuwa ba. Ni ma ban ambata ba, har yau.

Malam Gide, kai ne mai auna ƙarfe da zare, wanda bai rama da baki ba. Ka gyara motar da ke ɗaukar matanmu da jikokinmu, ka bar ni da abin da na faɗa. Na gode, Allah Ya saka maka da alheri, kuma ina roƙon gafararka. Masu tasowa a wannan sana'a, ku yi koyi da haƙurinsa. Dattawa irina, mu auna kafin mu yi magana.

Amma a tasha na ɓata sunanka, ba a takarda ba, kuma da yawa cikin waɗanda suka ji ni ba za su karanta wannan ba. Ranar kasuwa mai zuwa zan tsaya daidai inda na tsaya. Barau ya ce zai kai ni.