Katsewar Ba Daga Gidanmu Take Ba

Babanmu a saman falwaya ya yi ƙuruciyarsa. Haka na buɗe ido na gan shi: bel mai faɗi a ƙugu, filaya a aljihun baya, da wani kan tarho mai igiya da yake maƙalawa a jikin waya ya kasa kunne. Ma'aikacin kamfanin tarho ne, cikin masu bin layi su gano inda ya lalace. 'Yan unguwa Injiniya suke ce masa, alhali bai taɓa taka jami'a ba sai ranar da aka kira shi gyara. Idan aka kawo masa ƙarar layi, ba ya fara zargin kowa. Daga nasa gefen yake farawa, ya bi waya taku-taku har sai ya tabbata nan lafiya lau ne, sannan ya ɗaga kai ya dubi can gaba.

Da tarhon gida ya mutu aka sallame su, sai ya koma ja wa mutane kebul ɗin talabijin, daga baya na intanet. Gwiwa ce ta sauko da shi daga tsani. Mu uku ya haifa: ni ce babba, sai ƙanwata da take aure a wani gari, sai Auta. Ni da maigidana da yaranmu muna saman bene, Baba da Umma suna ƙasa, ɗakunan baya kuma ɗalibai ne 'yan haya. Dukanmu layin intanet ɗaya muke sha, wanda ya shigo ta bangon falon Baba.

Auta kwamfuta ya karanta. Ya gama ya zauna, takalmansa suka cinye wajen neman aiki. Sai ga wani dillali mai ofis a saman wani shagon taya, ya ce akwai kamfani a ƙasar waje da ke neman masu amsa saƙon abokan ciniki, ga ɗaki, ga abinci, tikiti ma su za su yi. Baba ya je ya ga ofishin da idonsa. Akwai kujeru, akwai hatimi, akwai hotunan samari sanye da kwat a bango. Ya dawo ya ce to, Allah ya sa a dace.

Kiran farko Auta dariya yake yi, yana juya waya yana nuna mana filin jirgi. Daga nan sai kiran ya koma na mako-mako, da rana tsaka, kullum bayansa farin bango ba ko ƙusa. Za mu taru a falo, Umma ta gyara mayafi kamar mai zuwa unguwa. A gaisa, a tambayi aiki, ya ce alhamdu lillahi. Ana cikin magana sai ɗif, kira ya katse, ba zai sake shigowa ba sai wani makon.

Umma ta ɗora laifin a kan 'yan haya. Ta ce su ne suke shanye intanet ɗin da kallon ƙwallo.

"Kai da ake kira Injiniya," in ji ta, "a gidanka ne uwa ba za ta gama gaisawa da ɗanta ba?"

Maganar ta shige shi. Washegari ya sa aka riƙe masa tsani, duk da gwiwar, ya sauya kebul ɗin da ya taso daga falwaya zuwa gida. Ya samu wani mahaɗi a bayan tagar kicin ya yi tsatsa, ya cire shi. Mako ya zagayo, kira ya sake katsewa. Sai ya ce in raka shi kasuwar kayan lantarki.

A can ne mai shago ya nuna masa modem mai ramin kebul biyu a baya, da wata rauta mai eriya tsaye-tsaye. Modem shi ke karɓo intanet daga waje, rauta kuma ta raba wa gida. Yawanci kebul ɗaya ne tsakaninsu. Waɗannan kuwa ana iya ja musu biyu, a ɗaure su a cikin saiti su yi aiki tamkar guda.

Mai shagon mutumin kirki ne, bai ɓoye masa komai ba. "Baba, kada in cuce ka. Wannan ba zai ninka gudun kira ɗaya ba. Amfaninsa sai gida ya cika kowa yana ja, sai kebul biyun su raba nauyin tsakaninsu. Kuma in kebul ɗaya ya samu matsala, ɗayan zai riƙe."

"Shi nake so," in ji Baba. "So nake in fitar da gidana daga zargi."

Da muka dawo Umma ta kalli rautar da ƙafafunta a sama ta ce wannan kaguwar kuma fa? Sunan ya bi ta har yau.

Gwajin farko bai yi kyau ba. Baba ya soka kebul biyun kawai ya kunna, irin aikin da. Intanet ya ɗauke a gidan gaba ɗaya, fitilun kaguwa suna ta ƙifce-ƙifce, ɗalibai suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya suna "Baba, lafiya?" Bai kula su ba. Ya sa tabarau, ya jawo kwamfutata, ya zauna a ƙasa kan darduma. Ashe sai an shiga cikin modem an kunna haɗin, ya mutu ya tashi, sannan a shiga rauta ita ma a gaya mata, kuma kebul na biyu yana da raminsa na musamman, ba kowanne ba. In gefe ɗaya ya sani ɗayan bai sani ba, ba abin da zai wuce. Da ya gama, fitilu biyu suka tsaya kore shar, ba motsi.

Sai ya yi gwaji irin nasa. Ya ce kowa a gidan ya kunna abin da ya ga dama, 'yan ƙwallo su yi ƙwallo, yarana su yi katun. Ya kira ƙanwata ta bidiyo suka yi ta hira har ta gaji. Tana tsakiyar ba shi labarin maƙwabciyarta ya miƙa hannu ya zare kebul ɗaya. Ko lura ba ta yi ba. Ya mayar, ya zare ɗayan. Ta ci gaba da zuba.

Ranar kiran Auta, Baba bai zauna tare da mu a kan doguwar kujera ba. Ya ja kujerar roba kusa da kaguwa, inda zai ga fitilun ya kuma hango fuskar waya daga gefe. Hoton ya fito tas. Auta ya rame, an yi masa aski ƙwal, abin da bai taɓa so ba. Umma ta matso da fuskarta.

"Auta, me ya samu leɓenka?"

Ɗif.

Umma ta juya za ta fara faɗa, sai ta ga fuskar Baba ta fasa. Fitilu biyun suna nan kore.

"Ba faɗuwa layin ya yi ba," ya ce a hankali. "Kashe kiran aka yi."

Na ce, "Baba, ko daga can ne layin ba shi da ƙarfi?"

Ya girgiza kai. Ya ce layi in zai faɗi yana jan ƙafa, murya ta rinƙa kakkaryewa, hoto ya daskare. Wannan kuwa yankan almakashi ne. Kuma ya lura kafin a yanke, idon yaron ya zame hagu, kamar mai duban wani da ke zaune kusa da shi. Da muka tuna baya, sai muka ga kullum haka ne. Ranar da na tambaye shi sunan unguwarsu, ranar da Umma ta ce ya nuna mata ɗakinsa, ranar da maigidana ya ce ya turo lambar wani abokin aikinsa. Mu duk muna ta zagin 'yan haya.

Makon nan ba wanda ya ci abincin kirki a gidan. Baba ya hana mu tura wa Auta kowane saƙo. Ya ce in da mai zama kusa da shi, to akwai mai karanta wayarsa.

Da kira na gaba ya shigo, Baba ne ya karɓa, da fara'arsa kamar ba komai. Suka gaisa. Sai ya ce, "Af, kakarka tana gaishe ka. Kullum sai ta tambaye ka."

Kakarmu ta rasu tun Auta yana sakandare. Shi ne ma ya fi kowa kuka.

Auta bai yi ko ƙiftawa ba. Ya yi murmushi ya ce, "Ina amsawa. A ce mata ina kewarta. In abubuwa suka ci gaba a haka, ina jin na kusa zuwa wurinta."

Umma ta tashi ta shige ɗaki, ta toshe bakinta da mayafi. Baba ya ci gaba da hira, ya tambaye shi ko ana ruwa a can, ya ba shi labarin gwiwarsa, har aka yanke. Sannan ya ajiye wayar.

Muka je ofishin dillali. Labule ake sayarwa a wurin, mai shagon taya ya ce ai sun daɗe da tashi. Daga nan muka tafi hukumar da ke bin sawun masu safarar mutane. Wata jami'a mai tabarau ta saurare mu har ƙarshe, ba ta yi mamaki ba ko kaɗan, wannan ne ma ya fi tsorata ni. Ta ce akwai gidaje masu katanga da waya a sama, inda ake kulle matasa a ƙwace fasfonsu, a sa su damfarar mutane ta intanet. Ana barinsu su kira gida ne don kada iyaye su tayar da ƙura. Ta ce mu ci gaba da amsa kira yadda muka saba, kada murya ta canja, kuma mu naɗi duk abin da za mu iya.

Baba ya riƙa naɗa. Bayan kowane kira sai ya sa abin ji a kunne ya rufe ido, yadda yake yi a saman falwaya. Ya ce yana jin ƙarar janareta babba, da taɓa madannai na mutane da yawa a ɗaki ɗaya, wani lokaci da kukan jirgin ruwa daga nesa. Duk ya kai wa jami'ar. Ko ya yi amfani ko bai yi ba, ba ta taɓa gaya mana ba.

Sai kiran ya daina zuwa.

Damina ta shigo ta fita. Baba ya sayi batir ya haɗa wa modem da kaguwa don kada ɗaukewar wuta ta kashe su. Ya daina zuwa majalisarsu ta bakin titi. Kullum da rana tsaka yana kan kujerar roba, waya a cinya. Idan yarana suka zo wucewa da gudu kusa da kebul ɗin sai ya daka musu tsawa, shi da bai taɓa ɗaga musu murya ba. Umma kuwa ta bar yi masa tsiya, gidan ya yi wani irin shiru. Har 'yan haya suka koma kallon ƙwallo ba ihu.

Wata safiya ina shanya, baƙuwar lamba ta kira. Daga ofishin jakadanci ne. An fasa wasu gidaje a bakin iyaka, an fito da mutane da yawa, akwai wani da ya ba da lambar nan. Sai da aka yi watanni ana takardu kafin Auta ya iso.

A filin jirgi Umma ta wuce shi ba ta gane shi ba. Kunnensa na hagu ya daina ji. A ƙwaurinsa akwai tabo jere-jere da bai yarda kowa ya tambaya ba. Abin da ya faɗa kaɗan ne: sun sa shi ya zama mace a rubuce, yana yaudarar tsofaffin da kaɗaici ya dama, in wata ya ƙare bai kawo abin da ake so ba a shiga da shi wani ɗaki. Yanzu yana koyon gyaran firji wurin wani abokin Baba. Ba ya taɓa kwamfuta. Ba ya kwana da ƙofa a rufe.

Kwanakin baya na sauko da rana na same su a tsakar gida. Baba yana matse kan wani kebul na maƙwabci, Auta yana riƙe masa ɗaya bakin. Ban san me ya kawo maganar ba, na dai ji Baba yana cewa, "Wanda yake zama a hagunka ɗin nan, da zan gan shi..."

"Ba mai gadi ba ne, Baba," in ji Auta. "Irina ne. Gadonsa yana saman nawa. In ya bari na faɗi abin da bai kamata ba, shi za a shigar ɗakin. Ranar maganar Kaka ya gane sarai, don na taɓa gaya masa ta rasu. Bai yanke a lokacin ba, kuma bai faɗa wa kowa ba."

Baba ya dakata da matsewar. "Yana ina yanzu?"

"Kafin a fasa gidan sun sayar da shi wani wuri. Ba ya cikin waɗanda aka fitar."

"Yana da iyaye?"

"Mahaifinsa direba ne. Na haddace lambarsa." Auta ya sunkuyar da kai. "Na kasa kira. Ban san me zan ce masa ba."

Baba ya ajiye filaya a kan tabarma, ya goge hannu a rigarsa, ya ce in miƙo masa wayarsa daga falo. Auta ya faɗi lambar, shi kuma yana dannawa da yatsa ɗaya. Ta yi ta ringin har ta gaji, ba a ɗauka ba. Ya sake kira. A karo na biyu wani dattijo ya amsa, ana jin hayaniyar tasha a bayansa, yana tambayar wane ne. Baba ya yi masa sallama, ya ce masa in yana tuƙi ne, ya samu wuri ya tsaya tukuna.