Sista Badi'a, Mai Roƙon Tantanin Mabiyiya

A kan bencin ƙofar ɗakin haihuwa aka ƙulla cinikin, wata Talata da hantsi, shekara shida ke nan. Garba, maƙwabcina a Panshekara, shi ya jawo ni, wai na san kan ciniki. Matarsa Aina'u na ciki za a yi mata aiki a ciro ɗa, ga kuma wata nas ta tare shi da maganar da bai taɓa ji ba.

"Malam Garba, mabiyiyar taku ce, ba mai hana ku binnewa," in ji nas ɗin. "Tantanin jikinta kawai nake roƙo, wanda jariri ke kwance a ciki. Bai kai kaurin ledar burodi ba."

"Ki yi me da shi, Sista?"

"In rufa wa wani ƙuna."

"Ikon Allah! Magani ya ƙare a Kano, sai kayan matata?"

"Na waje yana nan, amma ba don lebura aka yi shi ba. Na fara tambayar Aina'u, tunda jikinta ne. Ta ce in kun yarda ta yarda. An gwada jininta, lafiya ƙalau."

Garba ya dube ni. Ni ban yi boko ba, shekara arba'in na yi ina dillancin fata a Challawa, kuma a sana'armu ba a sayen kaya a ɗaure cikin buhu. Na ce a nuna mana mai ƙunar.

Tun daga ƙofa wari ya tare mu. Sunansa Lawal, mutumin wajen Ringim, lebura a wani kamfanin roba a Sharada. Inji ne ya feso masa narkakkiyar roba a hannu biyu. Abokan aikinsa, don tausayi, suka kwara masa baƙin mai, suka fasa ɗanyen ƙwai a kai. Manyan kamfanin kuma suka ajiye shi a kemis kwana huɗu don kada magana ta fita. Kafin ya zo asibiti hannun hagu ya rasa yatsu uku. Na daman, likita ya ce in bai rufe ba sai an yanke.

Garba bai yi minti ɗaya a ɗakin ba ya fito. Ya ce ya yarda, bisa sharaɗi biyu: a miƙo masa sauran mabiyiyar a farin ƙyalle kafin la'asar, kuma kada mahaifiyarsa ta ji.

"Na farko na ɗauka," in ji ta. "Na biyu kuwa, ni dai ba zan kai mata ba. Amma in ta tambaye ni ba zan yi mata ƙarya ba."

A nan na fara sanin Sista Badi'a.

Shekara talatin da ɗaya tana ɗakin wanke ciwo. Da sassafe take fitowa daga Panshekara, kafin ta ajiye jaka layi ya kai bakin baranda. Duk abin da Sharada da Challawa da Bompai suka tauna suka tofar, gabanta yake zuwa: wanda roba ta ci, wanda ruwan kemikal ya zubo wa, wanda tukunyar tururi ta fashe da shi. Wanda bai taɓa ganin an ɗaye bandeji daga ɗanyen nama ba, bai san ƙato mai gemu yana kiran innarsa ba. Ita ba ta yawan sannu. "Ciji rigarka, ɗan'uwa, yanzu zan gama," shi ke nan, hannunta bai tsaya ba.

Na tambaye ta yadda wannan tantani ke aiki. Ta ce, "Alhaji, in kun kankare gashi da tsoka daga fata, me ya rage?"

Na ce, "Saƙar fatar."

"To, jikin mutum ma a kan saƙa aka gina shi. In wuta ta cinye saƙar, sabon nama ba ya samun abin kamawa. Tantanin nan saƙa ce tsabtatacciya. Kamar ka kafa wa kabewa danga ne, ita za ta bi da kanta."

Ta kuma gaya mini gaskiya, ba kowace ƙuna yake yi wa ba. Wadda ta yi zurfi sosai sai an yanko fatar mutum daga cinya an dasa. Likita shi ke dubawa ya sa hannu. Amma wankewa da ruwan gishirin asibiti har sai ya yi garau, da sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, da shimfiɗawa a adana a firji, duk ita ce. Roƙon ma ita ce, don likita ba ya zama a benci yana lallashin mazan mutane.

Kwana biyu da rufa wa Lawal, ya yi barcin da rabonsa da shi tun ranar da ya ƙone. Sau uku ana sake masa sabo, daga wasu matan da ta roƙa. Cikin sati na shida hannun dama ya rufe. A karkace yake, amma yana kai loma baki.

Kuskuren namu ne, ni da Garba. Mun ɗauka tsohuwa, mahaifiyar Garba, ba za ta lura ba. Matar da ta wanke mabiyiya ta binne ta fi sau hamsin! Da ta kwance ƙyallen ta shafa, sai ta ce, "Ina rigar yaron?" Garba ya yi ta kame-kame, daga baya ya faɗa. Ta naɗe ta binne.

Wata huɗu bayan suna, zazzaɓi ya ɗauke yaron cikin kwana uku.

Ba sai na faɗi abin da ya biyo baya ba. Tsohuwa ta ce an raba jikanta da rigarsa shi ya sa bai zauna ba. Kafin sadakar uku, zance ya zama wai Badi'a tana sayar wa matsafa kayan haihuwa. Duk da haka ta sa mayafi ta zo gaisuwa. Ina zaune a ƙofar gida na ji muryar tsohuwa daga ciki: "Fita! Me kuma kika zo ɗauka?" Badi'a ta fito. Aina'u ta biyo ta har soro, ido a kumbure, ta ce, "Sista, kwanansa ne ya ƙare. Hannun mutumin nan fa, ya warke?"

Ta ce ya warke. A nan ne kawai na taɓa ganin hawayen Badi'a.

Daga ranar matan unguwa suka daina aika mata goron suna. Da, in ta roƙi mutum uku ɗaya zai ba ta. Ya koma sai ta roƙi goma. Akwai satin da firji ya zauna wayam, kuma a satin aka yanke ƙafar wani mai aikin jima daga Challawa. Na ce mata ta haƙura mana, wa ya aike ta? Ta ce, "Alhaji, zagi ba ya ruɓar da nama."

Badi'a, ke ce kika zauna kan benci kina roƙo kamar don kanki, alhali ko sunan wasu masu ƙunar ba ki riƙe ba. Ke ce aka kora daga gidan makoki, gari ya waye kika koma roƙo. Mai hannun sanyi a ɗakin wuta, Allah Ya saka miki, Ya sanyaya miki ranar da kowa ke neman inuwa. Ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki, kuma na bincika, har yau ba wadda ta ce za ta karɓi wannan roƙo.

Ku 'yan matan da ke sa fararen kaya, ku je ku tsaya a bayanta kafin ta tafi. Ku kuma magidanta, in an roƙe ku, ku tambayi malami, ku tambayi likita, ku nemi yardar matanku, sannan ku gaya wa iyayenku tun da wuri. Ɓoyon da muka yi shi ya ba ƙarya wurin zama.

A cinikin nan Lawal ya tsira da hannu, ya rasa aikin, yanzu rake yake sayarwa a bakin titin Kumbotso. Kamfani bai rasa komai ba, washegari ya sa wani a kan injin. Garba da Aina'u sun rasa ɗa, ba don abin da suka bayar ba, ladansu kuma yana wurin Allah. Badi'a ta rasa sunanta a unguwar da ta tsufa a ciki. Wanda ya fi kowa asara kuwa bai sani ba tukuna. Yana can Sharada yau da safe a gaban inji, hannayensa biyu lafiya lau.