Giram Arba'in Maimakon Huɗu

A wancan lokacin ni matashin malamin lissafi ne a wata sakandare a Birnin Gwari, sabon fitowa daga kwaleji, mai ji da kai, na tsani a ce ban iya ba. Da malamin kimistiri ya nemi canjin wurin aiki saboda tsoron hanyar daji, shugaban makaranta ya tambaye ni ko zan iya haɗa wa 'yan ajin ƙarshe ruwan gwajin jarrabawarsu. Wallahi bai rufe baki ba na ce masa ai wasa ne.

Ba mu da sikeli, sai na aro na wani mai sayen zinare, ya biyo ni yana azalzalata wai masu haƙa na jiransa. Abin da ake so kashi ɗaya cikin goma na mol ɗin soda mai ƙuna a cikin lita guda ta ruwa; mol shi ne ma'aunin yawan sinadari a kimistiri. Mol ɗaya na sodar giram arba'in ne, wato giram huɗu kawai zan auna. Ni kuwa arba'in ɗin da na haddace tun ina ɗalibi ita ta faɗo min, na auna ta cif na narkar, ban ɗauki biro ba, ban gwada ba.

Ranar jarrabawa yara suka yi ta ɗiga asid cikin ruwan sodar har na bututu ya ƙare, launin da ya kamata ya canza ko gezau. Maimakon in zargi kaina, sai na hau su da faɗa wai ba sa lura. Akwai wata yarinya daga Randagi mai burin aikin jinya, babanta ke kawo ta a babur ta hanyar da kowa ke shakka. Da baki ake zuƙo ruwan sodar cikin bututun awo, sai ya haura mata ya ƙone harshenta. Tana hawaye tana ba ni haƙuri, wai ita ta yi garaje. Ba ta ƙarasa ba, ta faɗi darasin, babanta ya ce ba zai ƙara sa rayukansu a hanya don maimaici ba.

Bayan an watse na zauna na yi lissafin, layi biyu ne kacal. Kunya ta rufe ni, na kasa faɗa wa kowa.

'Yan uwana malamai, don Allah ku ninka adadin mol da nauyinsa a rubuce kafin ku taɓa sikeli, abin da ba fanninku ba kuma ku ce ba ku iya ba. Har gobe in muka haɗu da yarinyar nan a kasuwa durƙusawa take yi ta gaishe ni, ni kuwa in rasa inda zan sa idona.